Asibitin da bai karɓi "da sauƙi" daga bakin Baba ba

Duk wanda ya taɓa jinyar dattijon Bahaushe ya san amsar da ake samu idan an ce masa ya jiki. Da sauƙi, alhamdu lillahi. Baba ya shekara uku yana ba mu wannan amsa, ya kuma ba likitoci huɗu ita, kowanne ya rubuta magani ya sallame mu cikin minti biyar. Ranar da ƙafafunsa suka kumbura har takalmin da yake zuwa masallaci da shi ya ƙi shiga, da sauƙi ya ce. Daren da na tashi shan ruwa wajen ƙarfe uku na tarar da shi zaune a kujerar falo, ya dafa gwiwoyinsa yana jan numfashi da baki, cewa ya yi zafi ne ya hana shi barci, alhali mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ta aiki har ni ina jin sanyi.

Abin da zan ba da labarinsa shi ne sashen masu raunin zuciya na wani asibitin kuɗi a nan Jidda, inda muke kai Baba yau wata 14 ke nan, mun je sau bakwai ban da zuwa awon jini. Na bar sunan asibitin saboda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma ba na son ya faɗa kan ma'aikatan da suka yi mana alheri. Tun daga farko in faɗa, na gamsu da su, kuma ina ba duk mai irin wannan majinyaci shawara ya nemi sashe irin wannan ko da a wani asibitin ne. Abin da ya bambanta su da wuraren da muka je a baya shi ne suna auna nauyin da ciwon ya ɗora wa mutum a rayuwarsa ta yau da kullum, su mayar da shi lamba, su riƙa bibiyar lambar kamar yadda ake bibiyar hawan jini.

Baba yana da shekara 68. Direban motar kaya ne har ya ajiye aiki, yana da hawan jini da suga tun muna yara, kuma shekara huɗu da suka wuce jijiyar zuciyarsa ta toshe aka sa masa ƙarfe. Hoton zuciya da ake kira eko ya nuna zuciyarsa tana fitar da kashi 30 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, alhali ta mai lafiya tana fitar da 50 zuwa 70. A lokacin muna zaune a kudancin Jidda, a hawa na uku, gidan babu lif. Matakala 54 ne, na ƙirga su sau da yawa ina biye da shi a baya.

Ranar farko wata nas 'yar Filifin ce ta karɓe mu. Ta ɗora shi a sikeli, ta auna jininsa yana zaune ta sake aunawa yana tsaye, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa ta tsaya tana kallon ramin da ya bari. Daga nan ta miƙo takarda guda mai tambayoyi 12 da Larabci. Baba yana jin Larabcin kasuwa sarai, amma na takarda yana ba shi wuya, don haka ni nake karantawa ina mayar masa da Hausa. Duk tambayoyin a kan mako biyun da suka wuce ne. Nawa ciwon ya takura maka wajen wanka? Wajen tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya? Wajen sauri? Sau nawa ka tashi da safe da kumburin ƙafa? Sau nawa gajiya ta hana ka abin da kake so, sau nawa haki ya hana ka?

A ta farko muka tsaya. Na ce, "Baba, wanka fa? Yana ba ka wahala?" Ina shirin sa alama a kan "ko kaɗan", don shi yake shiga banɗaki da kansa ya fito da kansa. Ya yi shiru yana murza carbinsa. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Uwata, ai bokiti nake kifawa in zauna a kai. In na cuɗa rabin jiki sai na huta." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Gida ɗaya muke kwana, ni nake wanke bokitin nan in mayar da shi wurinsa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum nake samunsa a kife ba. Da muka zo kan tambayar da ke cewa sau nawa haki ya tilasta maka barci a zaune, ko da matashin kai uku ko fiye, bai jira na gama ba ya ce, "Ce mata kullum."

Wannan takarda ana kiranta KCCQ, daga birnin Kansas na Amurka ta fito. An fara buga ta a shekarar 2000 da tambayoyi 23, daga baya aka taƙaita ta zuwa 12 don ta yi saurin cikawa a asibiti. Ana haɗa amsoshin su ba da maki daga 0 zuwa 100, mafi yawa shi ne mafi sauƙi. Ƙasa da 25 hali ya yi tsanani ƙwarai, daga 75 zuwa sama mutum yana rayuwarsa kusan yadda ya saba, kuma canjin maki biyar sama ko ƙasa abu ne da ake ɗauka da muhimmanci. Baba ya samu 38.

Likitan ɗan Sudan ne, ya ce ya tashi da maƙwabta Hausawa a Gadarif, yana iya gaisuwa da ɗan abin da ba a rasa ba. "Sannu Baba" da ya faɗa ta sa Baba ya saki jiki fiye da duk wani bayani. Ya buɗe takardun asibitocin da muka je a baya ya nuna mini wani abu. Akwai tsohon ma'auni na ƙungiyar likitocin zuciya ta New York, tun 1928 ake amfani da shi, mai mataki huɗu: na ɗaya mutum ba ya jin komai, na biyu yana haki in ya yi aikin da aka saba, na uku ɗan motsi kaɗan ma yana sa shi haki, na huɗu ko yana zaune numfashi ba ya isarsa. Likita ne yake zaɓar matakin daga abin da ya ji daga bakin majinyaci. Duk takardun Baba mataki na biyu aka rubuta. Likitan ya ce na uku ne, kuma da alama ya daɗe a wurin. Ya yi mini bayanin da har yau nake tunawa idan na ga wani dattijo ya rage fita. Mai wannan ciwo yana rage rayuwarsa kaɗan-kaɗan don ya guje wa haki. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina ziyara, ya bar salla biyu a masallaci sannan uku, ya koma zama wuri ɗaya. In ka tambaye shi ko yana haki sai ya ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba, don ya daina duk abin da ke kawo hakin. Lambar eko ma ba ta nuna wannan. Mutum biyu na iya zama da kashi 30 iri ɗaya, ɗaya yana tuƙa mota yana harkokinsa, ɗaya ba ya iya ɗaura wando sai ya huta.

Akwai tambaya ɗaya da Baba ya ƙi amsawa, kuma ina ganin duk Musulmin da ya kai shekarunsa zai tsaya a kanta. Tana cewa: da a ce haka za ka ƙare sauran rayuwarka da ciwon yadda yake yanzu, yaya za ka ji? Amsoshin sun fara daga "ban gamsu ba ko kaɗan" zuwa "na gamsu gaba ɗaya". Baba ya ɓata rai ya ce shi ba zai ce bai gamsu da abin da Allah Ya ɗora masa ba. Nas ta rasa yadda za ta yi, ta bar gurbin babu komai. Da muka shiga wurin likita ya ga gurbin, sai ya jawo kujerarsa kusa ya ce, "Ya Hajj, ba imaninka muke aunawa ba, mun san ka yarda da ƙaddara. Ɗan dako ma ya yarda da kayansa, amma in ka tambaye shi buhun nan kilo nawa ne zai gaya maka. Kilo nawa ne naka?" Baba ya yi shiru sannan ya ce yana da nauyi. Aka sa alama a ta biyu daga ƙasa. Wannan minti biyun kaɗai sun isa in ce kuɗin ganin likita na ranar bai tafi a banza ba.

Sai gwajin tafiya. A wani dogon baranda mai mita 30 an ajiye alama a kowane ƙarshe da kujera a tsakiya. Mutum ya yi ta kai da kawowa na minti shida da saurin da zai iya, in ya gaji ya tsaya, agogo ba ya tsayawa. Baba ya yi mita 215, ya tsaya sau biyu ya dafa bango. An ce ƙasa da 300 alama ce da ke sa likita ya ƙara sa ido. Aka ɗebi jini don NT-proBNP, wani sinadari da zuciya ke fitarwa idan ta takura, da kuma awon ƙoda da fotasiyam, wani sinadari da ke cikin jini.

Maganin da suka ɗora shi a kai iri huɗu ne da yanzu ake ɗauka a matsayin ginshiƙai ga mai raunin zuciya irin nasa: Entresto, da bisoprolol mai rage gudun bugun zuciya, da spironolactone, da Forxiga wanda asalinsa na suga ne aka gano yana taimakon zuciya, sai Lasix na fitar da ruwa. Ba a ba shi duka da ƙarfi a rana ɗaya ba. Kowane mako biyu ana duba jini da ƙoda a ƙara kaɗan. Mai harhaɗa magani ta sa na kawo duk abin da ke cikin durowar Baba a leda, ta zazzage a tebur. Ta ware Voltaren da yake sha don ciwon gwiwa, wanda yake saya da kansa a kantin magani, ta ce irinsa da ibuprofen suna riƙe gishiri da ruwa a jiki suna kuma taɓa ƙoda, kada ya sake sha. Ta kuma hana mu gishirin nan da ake sayarwa a matsayin na masu hawan jini, don fotasiyam ne a ciki, in ya haɗu da spironolactone yana iya yin yawa ya rikita bugun zuciya. Da niyyar alheri na sayo shi, wata biyu muna girki da shi.

Sun ba mu ɗan littafi da lambar WhatsApp ta nas ɗin sashen. Kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi, Baba ya hau sikeli a rubuta. In ya ƙaru da fiye da kilo biyu cikin kwana uku a kira, don wannan ruwa ne yake taruwa, kuma sikeli yana ganinsa kafin ƙafa ta kumbura. Mun ga amfanin haka bayan Babbar Salla. Kwana uku ana kawo tsire da yaji daga gidajen 'yan uwa, Baba ba ya mayar da kyauta. Daga kilo 74 ya koma 76 da rabi. Na aika saƙo ƙarfe bakwai na safe, kafin tara nas ta kira, ta yi tambayoyi kan numfashi da kwanciya, ta tuntuɓi likita aka ninka Lasix na kwana uku, aka ce mu zo awon jini a rana ta huɗu. Ya sauko ba tare da an kwantar da shi ba. A shekarar da ta gabaci zuwanmu wurinsu sau uku aka kwantar da shi, sau ɗaya ma motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar muka kira a lamba 997 cikin dare aka sauko da shi daga benen a kujera. Tun da muka fara zuwa bai kwana asibiti ba. Sun dai ja mana kunne cewa lambar WhatsApp ta lokacin aiki ce kawai: in numfashi ya sarƙe yana zaune, ko ciwon ƙirji, ko suma, gaggawa za a nufa ba saƙo ba.

Yanzu abubuwan da ba su yi mini ba. Jira yana da yawa, alƙawarin ƙarfe goma yakan kai sha biyu saura, ga mutum ya sha maganin fitsari da safe, banɗakin kuma yana can ƙarshen baranda. Mun koyi jinkirta Lasix zuwa bayan mun dawo gida a ranakun asibiti, kuma da sun gaya mana haka tun farko da an huta.

Wanda ya fi damuna shi ne ziyara ta huɗu. Nas ɗin da muka saba ta tafi hutu, aka sa wani ma'aikaci ya cike tambayoyin a kwamfutar hannu. Yana karantowa da sauri, yana kallon allo, Baba yana cewa "alhamdu lillah", shi kuma yana danna amsa mafi kyau. Maki ya fito 84. Da ban ce uffan ba, da an rubuta cewa Baba ya kusa warkewa. Na gaya wa likita, ya sa aka sake a nitse, aka samu 57, wato ƙasa da 61 da ya samu wata biyu kafin nan, kuma wannan saukar ce ta sa aka bincika aka gano sinadarin ƙarfe na jininsa ya yi ƙasa aka yi masa ƙari ta jijiya. Wannan ma'auni ba shi da wani amfani in mai tambaya bai da haƙurin jiran dattijo ya gama shirunsa. Asibitin da ya san darajar takardar ya kamata ya koya wa duk wanda zai riƙe ta.

Ga kuma matsalar tafinta. Ni 'yarsa ce, akwai abin da uba ba zai faɗa ta bakin 'yarsa ba, ko don kunya ko don kada ya tayar mata da hankali. Na lura amsoshinsa sun fi fitowa fili ranar da Yaya ya raka shi. Jidda cike take da Hausawa, a asibitin nan ma na ji masu shara da masu tura gado suna Hausa. Samun tafinta ɗaya ba zai gagare su ba.

Takardar abinci da suka ba mu ba ta san tukunyarmu ba. Ta yi gargaɗi kan zaitun, da cuku, da abincin gwangwani, da kayan tsami na kwalba, duk daidai ne, ta kuma ce ruwa kada ya wuce lita ɗaya da rabi a rana har da shayi da miya. Amma babu dunƙule a ciki, babu kanwa, babu yajin tsire wanda da gishiri da dunƙule ake daka shi. Ni na kai wa mai ba da shawarar abinci ƙullin kanwa ta gani da idonta, ta ce a bari a miyar Baba, don danginta ɗaya da gishiri. Umma yanzu tana ɗebar masa miyarsa kafin ta sa dunƙule, ta ƙara masa daddawa da citta da tafarnuwa.

Kuɗi kuma ba wasa ba ne. Inshorar da Yaya ya yi wa Baba tana ɗaukar wani kaso, sauran mu muke haɗawa, kuma Entresto shi ya fi cin aljihu. Tambayoyi 12 ɗin nan babu wadda ta taɓa kuɗi, babu wadda ta tambayi Umma da ta shekara tana barci da kunne ɗaya tana sauraron numfashinsa. Akwai wata takardar daga jami'ar Minnesota mai tambayoyi 21 wadda take tambayar ko jinya tana cin kuɗinka, da ko kana jin ka zama kaya a kan iyalinka. Na tambayi likita me ya sa ba ita suke amfani da ita ba, ya ce saboda lokaci. Na fahimta, amma da ni ce da na ƙara waɗannan biyun ko da baki ne. Baba ya taɓa rage maganinsa yana shan rabi don kwalin ya kai ƙarshen wata, bai gaya wa kowa ba, ƙirgen ƙwayoyin da na yi ne ya tona.

Abin da takardar KCCQ ba ta tambaya kuma shi ya fi komai girma a wurin Baba shi ne salla. Ruku'u da sujada suna sa shi haki, likitan ya ce wannan sanannen abu ne ga wanda ruwa ya taru masa, sunkuyawa tana ƙara matsi a ƙirji. A nan likitan ya yi abin da na yaba ƙwarai. A gefen takardar ya ja layi da biro ya ƙara tambayoyi biyu nasa: salla nawa ka yi a masallaci a makon nan, kuma a matakala ta nawa kake tsayawa hutawa? Ranar farko amsar ita ce Juma'a kaɗai, da kuma tsayawa a kowane hawa. Ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Baba ya san hadisin fiye da shi, amma sai da ya ji daga bakin likita ya yarda na saya masa kujerar salla.

Waɗannan lambobin ne na ɗauka na kai wa Yaya da ƙannena a rubuce: 38, mita 215, matakala 54. Shekara biyu ina cewa mu tashi daga benen nan ana cewa haya ta yi tsada, Baba kuma yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Da suka ga takarda babu wanda ya yi musu. Wata tara ke nan muna hawa na ƙasa, masallaci yana bayan gida uku.

Da azumi ya matso an zauna da shi musamman. An duba ƙodarsa, aka sauya lokutan magani zuwa buɗa-baki da sahur, aka rage Lasix, aka ce in ya ji jiri ko nauyinsa ya sauka da yawa ya sha ruwa ya rama daga baya. Ya yi 22. Wannan hukuncin nasa ne shi kaɗai bisa awonsa, kada wani ya ɗauka ya yi aiki da shi ba tare da likitansa ba.

A ziyarar da ta wuce makinsa 66, ya yi mita 340 bai tsaya ba, yana kwana da matashi biyu, kuma Azahar da La'asar da Magariba duk a masallaci yake yi. Eko ya motsa kaɗan, daga 30 zuwa 35. Ya tambayi likita ko zai iya Umra, don rabonsa da Harami shekara uku alhali Makka tafiyar awa ɗaya ce daga ƙofar gidanmu. Likitan ya ɗauki biro ya yi masa lissafi: sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kusa kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da tafiya daga inda mota ke ajiye mutum. Ya ce ya je, amma a keke, da dare, cikin sanyin hunturu, kuma Zamzam ɗin da zai sha a sa shi cikin lissafin lita ɗaya da rabin nan. Baba ya ce ɗawafin dai yana so ya gwada zagaye ɗaya da ƙafarsa. Likitan ya ce a bari a ga awon fotasiyam da gwajin tafiya na wata mai zuwa, in ya haura mita 350 za su sake maganar. Alƙawarin ranar Talata ta biyu a watan ne, Yaya ne zai raka shi.